Wuƙar Gado: Daga Ina Ta Fito, Shekarunta Nawa?

 

Yau za mu tattauna ne a kan tsohuwar wuƙa mai kube, irin wadda ake tararwa a ƙasan adaka bayan rasuwar dattijo, ko a soke cikin jinkar ɗaki an naɗe ta da tsumma. Gidaje da yawa a nan Gaya da sauran ƙasar Dandi suna da irinta. In ka tambaya sai a ce maka ta kaka ce, da ita ya je yaƙi. Ana nan sai dillalin kayan tarihi ya ratso gari, ya jujjuya ta a hannu, ya ce ai wannan ta jiya-jiya ce, ya miƙa jaka biyar ya yi gaba da ita. Wani lokacin kuma saurayi ne zai saya a kasuwa, a rantse masa ta shekara ɗari uku ce, alhali bara aka fito da ita daga maƙera. Duk biyun an cuce su, kuma da sun san inda za su duba, da ba a yi musu haka ba.

Ga abin da nake so mu fara riƙewa. Wuƙa ɗaya tana iya kasancewa ɗauke da shekaru iri uku daban-daban: shekarun ruwanta, wato ƙarfen, da shekarun ƙotarta, da shekarun kubenta. Ƙarfe yana jure zamani, ya ga jika ya ga tattaɓa-kunne. Ƙota itace ce ko ƙaho, ta tsage a sake ta. Kube kuwa shi ya fi saurin mutuwa, domin fata ce: gumi ya ci, gara ta ci, damina ta ruɓar, balle a nan Gaya inda ruwan sama ya fi na sauran sassan Nijar. Mutumin da ya rataya wuƙa shekara arba'in, ya kai ta wurin baduku ba sau ɗaya ba. Saboda haka wanda ya kalli sabon kube ya ce wuƙar sabuwa ce ya yi gaggawa, haka ma wanda ya ga tsohon ƙarfe ya ɗauka komai nata tsoho ne.

Batun asali ma haka yake, kuma a garinmu ya fi rikitarwa. Gaya mashiga ce tun kafin a ja iyaka. Fataken goro da ke tasowa daga Kano da Sakkwato suna biyowa ta Jega, su ƙetare Kwara a Gaya ko a Ilo, su nufi Kandi da Jugu har Salaga a ƙasar Gwanja. Masu gishirin Foga suna nan suna kai kayansu kasuwanni masu nisa, har Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ratsa kwarin Foga a 1853 ya bayyana yadda ake dafa gishirin. Ga Buzaye da ke saukowa da raƙuma, ga Fulani makiyaya, ga Nufawa da ke hawo kogi da jirage. Kowa da wuƙarsa a jiki, kuma wuƙa ana sayar da ita, ana ba da ita kyauta, ana jinginar da ita, ana ƙwace ta a fagen fama. Yaƙi kuwa an yi shi a nan ba kaɗan ba. Tun daga 1849 da Yakubu Nabame na Kabi ya yi wa Gwandu tawaye, Dandawa da Zabarmawa da Arawa suka mara masa, ƙasar nan ba ta daɗe cikin kwanciyar hankali ba, har zuwa yaƙin Bumba na 1896 inda jarumin Zabarmawa Isa Korombe ya kwanta dama. Don haka in tsohuwa ta ce wuƙar nan ta ga yaƙi, kada a yi mata dariya. Amma samun wuƙa a Gaya bai nuna a Gaya aka ƙera ta ba.

To, mu ɗauko ta mu duba. A shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar gida da hantsi, a zare ta a hankali. In ta cije a cikin kube kada a fizga.

Siffa ita ce ke fara nuna dangin wuƙa. In ƙotar ta yi gicciye a samanta, kuben kuma yana da zobe mai faɗi na fata ko na tagulla da ake zura hannu a ciki, wannan ƙirar Buzaye ce, ita suke kira telek. A cikin hannun hagu ake ɗaura ta, ƙota na kallon tafin hannu, don dama ta zaro ta cikin ƙiftawar ido. In ƙotar an yi mata saƙar fata, ƙarfe ya leƙo a ƙarshenta da faɗi, kuben na da igiyar fata da ake ɗaurawa a damtse, to a nemi asalinta gabas, wajen Tubawa da ƙasar Barno. In ƙota da kube duk an lulluɓe su da tagulla mai zanen furanni da aka bubbuga da ƙusa, a tuna da maƙeran Bida. Lanƙwasasshiya mai kuben azurfa ko tagulla ta fi kama da ta Maroko, gajeriya mai faɗi da ƙugiyar kube kuwa ta ƙasar Yaman ce. Alhazan da suka tafi Makka a ƙasa ta Cadi da Sudan, suka yi shekaru a hanya, sun dawo da wuƙaƙen can. Sai dai siffa tana tafiya. Maƙerin Tawa ko na Argungu yana iya ƙera wa Buzu irin wadda ya saba da ita, kuma ya yi ta yadda ya kamata.

Yanzu sai ruwan wuƙar, inda shaida ta fi yawa. A da, maƙeranmu da kansu suke haƙo tama su narka ta da gawayin ƙirya, har yau akwai tarin kashin tama a dazuzzukan yammacin Nijar da ke nuna inda aka yi wannan aiki. Ƙarfen tama ba ya fita tas. Maƙeri yana ninke shi yana bugu, yana ninkewa yana bugu, amma duk da haka sai ka ga siraran layuka baƙaƙe sun bi tsawon ruwan, kamar jijiyar itace a jikin turmi. A karkata wuƙar ga rana, za a gan su in suna nan. Wannan alama ce mai ƙarfi ta tsufa, domin narkar da tama ya fara ja da baya tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tarkacen ƙarfen Turawa ya cika kasuwa, maƙera suka ga ba dalilin wahalar haƙa da zuga ta kwana da yini. Da motoci suka yawaita, musamman bayan an gama gadar Gaya da Malanbil a 1958 manyan motoci suka riƙa tasowa daga Paraku, sai sifirin mota ya zama abincin maƙera. Wuƙar sifirin sumul take, ba jijiya, tana da ƙarfi tana riƙe kaifi. Wuƙa ce ta ƙwarai, amma ba ta ga yaƙin Bumba ba. Wata kuma daga tsohon magagari aka ƙera ta. A duba gindinta kusa da ƙota, sau da yawa ragowar haƙoran magagarin suna nan ba su goge ba. In aka ga ɗigon walda inda ruwa ya haɗu da ƙota, ko sawun injin wasa wuƙa mai zagaye-zagaye, an san aikin zamanin lantarki ne. Ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa sai a 1913 aka samo shi a birnin Shafil na Ingila, kuma ya daɗe kafin ya iso kasuwanninmu.

Akwai tsohon ƙarfe da ba na tama ba, shi ne wanda ya ƙetaro Sahara a kan raƙuma. Barth da ya zauna Kano a 1851 ya ƙiyasta ana shigo da ruwan takobi kimanin 50,000 a shekara, akasarinsu ƙirar Solingen ta ƙasar Jamus. A Kano ake yi musu ƙota da kube a rarraba su ƙasashe. Takobi in ya karye ba a yar da shi, maƙeri yake kai wa ya fitar da wuƙa ko biyu. Gane irin wannan ba wuya: kwarin da ke tsakiyar ruwan takobi, maimakon ya ƙare kafin tsini, sai ka ga ya zarce ya fita ta bakin tsinin, alamar an yanke ƙarfen daga wani abu da ya fi shi tsawo.

A jikin irin waɗannan ake ganin tambari, kuma a nan mutane suka fi ruɗuwa. Akwai hoton dabba mai gudu, kyarkeci ne, tambarin maƙeran birnin Passau ne, wanda na Solingen suka ara. Akwai jinjirin wata guda biyu masu fuskar mutum. Da masu saye suka riƙa neman takobi mai wata biyu, maƙeran ƙasarmu suka shiga zana shi a kan nasu ƙarfen. Masana irin su Bivar, wanda ya rubuta littafi a kan makaman Arewacin Najeriya a 1964, da Briggs da ya yi nazarin ruwan takubban Buzaye a 1965, sun bi diddigin wannan al'amari. Tambarin masana'anta bugu ɗaya ake yi masa da hatimi, zurfinsa daidai yake ko'ina. Na kwaikwayo kuwa da kurfi ake sassaƙa shi layi-layi, wani wuri ya nutse wani wuri ya taso, fuskar watan ta karkace. Amma ku ji da kyau: kwaikwayon ma tsoho ne, an daɗe ana yin sa. Wuƙa mai tambarin kwaikwayo tana iya haura shekara ɗari, kuma a ganina ta fi ba mu labarin kanmu, tunda hannun maƙerinmu ne a kanta.

Wanda ya yi sa'a shi ne wanda wuƙarsa aka yanko daga wuƙar bakin bindigar Faransawa. Ta bindigar Gras, ƙirar 1874, an rubuta mata a gadon baya sunan masana'antar da ta yi ta, da wata, da shekara. In maƙeri bai goge wurin ba, ga shekarar ƙarfen a rubuce. Haka ƙarfen da aka buga wa tambarin Jamus ta Yamma, tsakanin 1949 da 1990 ya fito, domin tsawon rayuwar wannan ƙasa ke nan.

Mu koma kan ƙota. Abin da za a nema a nan shi ne kayan da ba su da daɗewa a duniya. Sanholo bai wadata a hannun maƙeran fari ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Roba mai launi-launi da ake jerawa tsakanin tagulla, da gwangwanin tumatir, da wayar lantarki mai kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, duk ƴan baya-bayan nan ne. Wasu kuma suna manna kuɗi a kan ƙota don ado, mutane su karanta shekarar da ke jiki su ce shekarar wuƙar ke nan. A'a. Kuɗi yana gaya maka cewa ba a manna shi kafin shekarar da aka buga shi ba, iyakarsa ke nan. Kwabo mai huji na zamanin Ingilishi ya yi shekaru yana yawo kafin wani ya ƙusance shi a ƙota. Kuɗin sefa bai wanzu ba sai 1945. Mafi ruɗarwa shi ne liyari, azurfar nan mai hoton sarauniya Mariya Tereza ta ƙasar Ostiriya. A 1780 ta rasu, kuma tun daga lokacin duk wanda aka sake bugawa 1780 ake rubuta masa, har waɗanda aka buga a zamaninmu. Mutum ya ga 1780 a ƙotar wuƙarsa ya yi ta murna, alhali ƙila liyarin bai girmi mahaifinsa ba.

Kube kuwa a kai wa tsohon baduku, ya fi kowa iya karanta shi. Fatar da aka jeme da bagaruwa tana da ƙamshinta da laushinta. Ja na karan dafi ne, baƙi na kuloko, koriyar nan da dukawa ke kira korino da garin tagulla ake haɗa ta. Waɗannan launuka in sun tsufa lafawa suke yi, jan ya koma ruwan ƙasa mai duhu. Galura kuwa, wadda aka fara haɗawa a Ingila a 1856, tana da wani haske mai ɗaukar ido da rinin gargajiya ba ya yi. A duba ɗinki: da siririyar fata aka yi, ko da zaren auduga na mazari, ko da zaren leda mai sheƙi? Tazarar ɗinkin hannu ba ta zama daidai, ta keke kuwa ba ta kuskure. A leƙa cikin kuben da tocila. Na da, ɓawon itace ake fafewa a saka a ciki; na yanzu sau da yawa kwali ne, har wani lokacin a ga rubutun kamfani a jikinsa. Sannan a gwada, shin kuben nan don wuƙar nan aka ɗinka shi? In tana lilo a ciki, ko tsininta bai kai ƙasa ba, aro aka yi.

Maƙera da dukawan da ke yin sababbin wuƙaƙe a Agadas, ko a rumfunan sana'a na gidan tarihin Bubu Hama a Yamai, suna sayar wa baƙi, sana'arsu suke yi ta halal, Allah ya sa albarka. Zamba tana farawa ne inda wani ya sayi sabuwa, ya binne ta a ƙasa mai gishiri, ko ya shafa mata ruwan batir, ya turara kuben da hayaƙi, ya ce gadon sarauta ce. Tsufan ƙarya yana da alama. Tsatsarsa ja ce, tana bin yatsa, kuma ta rufe ko'ina bai ɗaya. Tsufan gaskiya baƙi ne mai santsi, ya zauna a jikin ƙarfe, kuma yana bin inda aka yi aiki: ƙota ta sulɓe inda tafin hannu ke kamawa, bakin kube ya cinye ta gefen da kaifi ke gogawa, ruwan ya rame a tsakiya saboda wasawar shekara da shekaru, zoben hannu ya yi baƙi da gumi ta ciki. Ɗan damfara ba ya da haƙurin yin wannan.

Wani zai ce, ba a iya kai ta ɗakin gwaji? Akwai gwajin kabon 14 da ake yi wa fata da itace, irin wanda masanin nan Shaihu Anta Diop ya kafa ɗakinsa a Dakar a shekarun 1960. Yana da tsada, kuma a kan abin da bai wuce shekara ɗari uku ba amsarsa tana da faɗi ƙwarai. Ga wuƙaƙen gidajenmu, idon tsohon maƙeri ya fi shi amfani.

Duk abin da na lissafa iyakarsa ya ce maka wuƙar nan ta girmi kaza, ba ta kai kaza ba. Wanda zai faɗa maka hannun da ta bi, yana zaune a cikin gidanku, kuma ba zai dawwama ba. Ku je wurin tsofaffi tun suna da rai. A ce, Baba, wuƙar nan wa ya ba ka? Inna, kin taso kin gan ta a ɗakin wa? Shi a ina ya samo ta, saye ya yi ko gado? Ya yi fatauci, ya je Gwanja, ya yi sojan Faransa? Tsofaffi ba sa riƙe shekara da lamba, da abin da ya faru suke riƙe ta, sai a taimaka musu. Yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914 ce. Shekarar fara da ta tagayyara yammacin Nijar 1931 ce. An soke aikin tilas a 1946, an sami mulkin kai a 1960. In tsoho ya ce mahaifinsa na da ita tun kafin shekarar fara, ka sami turke. A ƙirga kakanni, a ba kowane ɗaya shekara 25 zuwa 30. Sannan a auna labarin da abin da ƙarfe ya nuna. In labari ya ce zamanin Nabame, ruwa kuma sifirin mota ne, ba lallai tsoho ya yi ƙarya ba. Ƙila ta asalin ta ɓace aka maye gurbinta, labarin ya hau kan sabuwar. A rubuta hakan ma.

Ina roƙonku, a ɗauki muryarsu da waya, a rubuta a takarda da boko ko da ajami, a sa sunan gari da na gida, a ajiye tare da wuƙar. Gidajen tarihi na Turai cike suke da wuƙaƙen ƙasashenmu waɗanda ba a san maƙerinsu ko mai su ba, an rubuta musu sunan yanki kawai. Abin yana ci mini rai, domin kowace ɗaya daga cikinsu akwai gidan da ya san labarinta a ranar da ta fita.

Wajen ajiya, babban kuskure shi ne gogewa. Mutum ya ga baƙi a jikin ƙarfe, ya ɗauko yashi ko toka ko takardar goge ƙarfe ya dirje ta har ta yi fari, ya tafi da tambari da jijiyar tama da duk shaidar da muka yi ta magana a kai. A bar ta yadda take. A share ƙura da busasshen tsumma, a shafa ɗan man keken ɗinki kaɗan a ƙarfen kawai. Man gyaɗa da man ja suna daskarewa su yi danƙo, kada a sa su. Da damina a zare ta daga kube a naɗe kowanne daban, domin fata na riƙe laima ta sa ƙarfe tsatsa. Kada a ƙulle ta a leda, kuma a ɗaga ta sama inda hannun yara ba ya kai.

Masu niyyar sayarwa kuma su sani, doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997 ta kare kayan tarihin Nijar, fitar da su waje ba da izini ba laifi ne, Najeriya ma tana da tata dokar tun 1979. Mu da ke bakin iyaka biyu, ta hannunmu irin waɗannan kaya suke sulalewa, kuma mun ga abin da ya sami kayan Bura na yankin Tera, yadda aka yi ta tone kushewu ana lodin tukwane zuwa ƙetare. Wanda ke son a duba masa tasa, ya fara da sarkin maƙeran garinsu da tsofaffin dukawa. Daga nan akwai gidan tarihi na Doso, da na Bubu Hama a Yamai wanda aka buɗe tun 1959, da gidan tarihin Kanta a Argungu inda aka tara makaman Kabi, wurin da mutum zai iya kwatanta tasa da ƴan uwanta. Ba sai an ɗauki wuƙa an ratsa shingayen jami'an tsaro da ita ba. A ɗauki hotonta gefe biyu, da na ƙota, da na kube ciki da waje, da na duk wani tambari, a ajiye ma'auni a gefenta don a san tsawonta, a tafi da hotunan tare da takardar labarin.